Kalmomin sirri sun yi mini yawa: a littafi zan rubuta ko waya zan bar wa?

Ɗan Kwari ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar waɗanda suka san harkar nake nema. Na zauna na ƙirga wuraren da nake shiga da kalmar sirri, sun haura ashirin: Gmail biyu, Facebook, Instagram na shago, manhajar banki uku, ta POS, wurin sayen data, shafin makarantar yara da sauransu. Gaskiyar magana kusan duk kalma ɗaya ce, sunan babbar 'yata da shekarar haihuwarta. In wurin ya matsa sai an sa alama, in ƙara @ a ƙarshe. 'Yan kaɗan da suka bambanta kuma na tura wa kaina su ta WhatsApp don kada in manta.

Na san ba daidai ba ne. To ina mafita? Wani ya ce in sayi littafi in rubuta, wani ya ce in bar wa Google ta riƙe mini, wani kuma ya ce akwai manhaja ta musamman. Ni tsorona da manhajar shi ne na tara dukiyata a ɗaki ɗaya, ɓarawo ya samu makulli ɗaya ya kwashe. Don Allah a yi mini dalla-dalla, ba ɗan boko ba ne sosai.

Malamin Kwamfuta ya amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ɗakin da kake tsoro ai ka riga ka gina shi, tunda makulli ɗaya ke buɗe ƙofofinka ashirin, kuma ka ba kowane shafi kwafinsa. Ba sai an fasa Google ko bankinka ba. Ƙaramin shafin sayen data ya isa: in aka kwashe bayanansa, masu kutse suna da manhajar da ke ɗaukar imel da kalmar sirrin kowa tana gwadawa a Facebook, Gmail da sauransu, dubbai a lokaci guda. A 2009 an kwashe kalmomin sirri miliyan 32 daga kamfanin RockYou, a fili ba ko rufi, kuma har yau da wannan jerin ake fara gwaji. Na LinkedIn da aka sace a 2012, sai a 2016 aka ga sun haura miliyan 100 ana tallarsu. Ka shiga haveibeenpwned.com, shafin da Troy Hunt ya buɗe a 2013, ka rubuta imel ɗinka, zai nuna maka ko yana cikin wata satar da aka sani.

Suna da shekara da @ kuwa shi ne tsarin da injin fasa kalmar sirri ke fara bi. Canja harafin a zuwa @ ko harafin o zuwa 0 ba ya ruɗa shi, yana cikin ƙa'idojinsa.

Shawarata manhajar ajiya, kuma ga mai farawa Bitwarden. Kyauta ce, ba ta ƙayyade yawan kalmomi ko yawan wayoyi ba, kuma rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake, masana na dubawa. Yadda take aiki: a cikin wayarka ake kulle bayanan da babbar kalmarka kafin su tafi wurin kamfanin, don haka abin da ke hannunsu dunƙulen shirme ne da su ma ba sa iya karantawa. Amma fa hakan na nufin in ka manta babbar kalmar, ba wanda zai sake maka ita. Ba “na manta” a nan.

Saboda haka babbar kalmar ce aikin. Kada ka ƙirƙiro ta da ka, domin kan mutum ba ya iya zaɓen da ba tsari. A cikin manhajar akwai wurin da ke haɗa kalmomi da kansa, ka zaɓi na jimla, ka sa kalmomi shida. Daga jerin kalmomi 7,776 yake cirowa, dabarar da Arnold Reinhold ya fito da ita a 1995, wadda asali da ƙwayar ludo biyar ake jefawa. Ga lissafin don ka ga bambanci. Ƙananan haruffa takwas suna ba da haɗi kusan biliyan 209. Mu ɗauka injin ɓarawo na gwada biliyan 100 a daƙiƙa, ya gama cikin daƙiƙa biyu. Kalmomi huɗu daga wancan jerin za su ɗauke shi wajen awa goma. Kalmomi shida kuwa kimanin shekara 70,000. Tsawo ne ke aiki, ba tarkacen alamomi ba.

Jerin na Turanci ne. In na Hausa kake so don sauƙin haddacewa, ɗauki ƙamus ko wani littafi mai kauri, ka buɗe shafi ido rufe ka ɗora yatsa, kalmar da ya faɗa wa ita ce, ko ba ta yi maka daɗi ba. Ka yi bakwai maimakon shida, don wannan hanyar ba ta kai ta ludo ba. Ban da karin magana, ban da aya, ban da baitin waƙa, duk abin da ke rubuce a wani wuri yana iya shiga jerin gwaji. Sannan kada ka sa ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ. Ranar da ka zauna gaban kwamfutar da ba ta da su, ko sabuwar wayar da ba ka riga ka sauke madannin Hausa ba, za ka tsaya a bakin ƙofarka. Rubuta k, d, b kawai.

Kafin ka danna komai, rubuta babbar kalmar a takarda da biro. Daga nan ka shiga saitin waya ka nemo “Autofill”, wato saitin da ke barin manhaja ta cika maka kalmar sirri da kanta, a wurin bincike, don kowace waya da inda take ɓoye shi, ka zaɓi Bitwarden. A Tecno, Infinix da itel ka cire manhajar daga cikin waɗanda ake kashewa don tattalin batir, in ba haka ba wata rana ta cika maka, wata rana ta yi shiru.

Kada ka ce za ka canja ashirin ɗin a dare ɗaya, za ka gaji ka watsar. Fara da Gmail, domin ta nan ake sake kalmar sauran duka. Sai bankuna, sai Facebook da Instagram. Kowanne ka bar manhajar ta haɗa masa haruffa 16 zuwa 20, ka adana tukuna, sannan ka liƙa a shafin, ka fita ka sake shiga don tabbatarwa. Inda mutane ke faɗawa ke nan: su canja a shafi, ba su adana ba, sabuwar kalmar ta bi iska. Sauran kuma duk ranar da ka shiga ɗaya ka canja shi. In ka gama, goge saƙonnin nan na WhatsApp.

Mai Gyaran Waya ya amsa:

Malam ya yi bayani, amma ni da wani wurin zan fara. Alhaji, a ƙasar nan layinka ya fi kalmar sirrinka daraja a wurin ɓarawo. Wanda ya fizge waya a cikin Keke bai damu da Bitwarden ba. Sim zai zare ya sa a ƙaramar waya, ya danna *565*0# lambar BVN ta fito masa, lambobin tabbatarwa na banki kuma su riƙa shigo masa kai tsaye. Facebook ɗin ma da lambar wayar zai sake kalmarsa.

Maganin minti biyu ne kuma kyauta: sa wa sim lambar sirri. Yana cikin saiti, ɓangaren tsaro, wurin kulle sim. Zai tambaye ka lambar da sim ɗin ya zo da ita. In ba ka sani ba kada ka yi ta canki, sau uku kawai ake ba ka, na uku in ka kuskure sai ya nemi PUK. PUK lamba takwas ce, tana jikin katin da aka ɓalle sim ɗin daga ciki, ko ka samu a ofishin kamfanin layin. Ita kuma in ka kuskure sau goma sim ya mutu, sai walkam bak. Saboda haka ka nemo PUK ɗin ka riƙe a hannu kafin ka fara. Da ka kunna, duk wayar da aka sa sim ɗin sai ta nemi lambar kafin sabis ya hau.

Na biyu, makullin fuskar wayar. In ka bar shi 1234 ko zanen harafin L ɗin nan da kowa ke yi, duk ginin Malam ya rushe, musamman in Google ce ke riƙe maka kalmomin, don ita da makullin wayar take buɗewa. Sa lamba shida ko fiye, ba shekarar haihuwa ba, ba ƙarshen lambar wayarka ba. Kuma ka hana saƙonni nuna abin da ke cikinsu alhali waya na kulle. Ba amfanin kulle waya in lambar banki na fitowa a kan gilashi kowa na karantawa.

Na uku, WhatsApp. Shiga saiti, asusu, tabbatarwa mai mataki biyu, ka sa lamba shida da imel. Masu kiran nan da ke cewa an sa ka a taron ƙungiya ta intanet, karanto lambar da aka turo maka, lambar rajistar WhatsApp ɗinka ce suke nema. Da mataki biyun, ko ka yi kuskuren ba su, akwai sauran ƙofa a gabansu.

Sai wata tambaya da zan yi maka: Gmail ɗin da ke kan wayar, kai ka buɗe da hannunka ko yaron da ya sayar maka da wayar ne ya buɗe maka? In shi ne, to ya san kalmar, wataƙila ma lambarsa ce a wurin dawo da asusu. Shiga myaccount.google.com, ɓangaren tsaro, ka duba lambar waya da imel ɗin dawowa naka ne, ka duba jerin wayoyin da ke ciki ka fitar da baƙi. Wannan Gmail ɗin ne kuma waya za ta nema in aka yi mata filashin, wanda bai san kalmarsa ba sai wayarsa ta zama dutsen guga.

Lambar ATM da ta tura kuɗi a manhajar banki, ni ban ga dalilin sa su a waya ba sam. Lamba huɗu ce, za ka iya haddacewa, amma dai kowane banki da tasa. Yaran shago kuma kada a ba su ta manhajar da kuɗin ke ciki don kawai suna riƙe na'urar POS.

Hajiyar Lissafi ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Ni littafin da ake rainawa zan kare. Mai kutse da ke wata ƙasa ba zai iya buɗe durowar ɗakinka ba. Littafin da kowane shafi ke da kalmarsa daban, doguwa, ya fi kalma ɗaya da aka haddace nesa ba kusa ba. Ga dattijo ko wanda ƙaramar waya yake riƙewa, shi ne ma daidai. Sharaɗinsa: ya zauna a gida a kulle, ba a aljihu ko durowar shago ba, kada a rubuta “kalmomin sirri” a bangonsa, kuma kada a ɗauke shi hoto, don hoton zai hau Google Photos ya koma abin da ake gudu. A rubuta da kyau a bambanta sifili da harafin O, da 1 da ƙaramin l, nan ne ake shan wahala.

Rauninsa biyu. Gobara ko ruwa, wannan kowa ya sani. Ɗayan ya fi muni: littafi ba ya gane shafin bogi. In aka turo maka mahaɗi mai kama da Facebook, kai da hannunka za ka kwafa musu. Manhaja kuwa adireshin take dubawa, in harafi ɗaya ya bambanta ba za ta kawo kalmar ba. Duk ranar da ta ƙi cikawa a shafin da ta saba, kada ka ce ta lalace ka je ka kwafo, tsaya ka karanta adireshin.

Ga wanda ba ya son bayanansa su kwana a wurin kowane kamfani, akwai tsarin KeePass, wanda Dominik Reichl ya fara a 2003. Fayil guda ne mai ƙarewa da .kdbx, a kulle, yana zaune a na'urarka, ba ya buƙatar data. KeePassXC ke buɗe shi a kwamfuta, KeePassDX a Android. Sai dai duk nauyin a kanka yake. Waya ta faɗa ruwa ba ka da kwafi, shi ke nan. Kwafi uku ake yi: na waya, na filas a gida, da ɗaya a wani wuri daban, kuma a sabunta duk lokacin da aka ƙara abu. Matsalar da aka fi samu ita ce a gyara fayil a waya, a gyara wani a kwamfuta, su saɓa, a ɗora tsoho a kan sabo. KeePassXC na iya haɗe biyun, amma sai mutum ya san da hakan. Alhaji, da yadda ka bayyana kanka, ban ba ka shawarar wannan ba.

Ta Google kuma ba laifi gare ta, ta fi abin da kake yi yanzu sau dubu, kuma tana nan a wayar ba sai ka sauke komai ba. A passwords.google.com za ka ga abin da ta riƙe, har ta nuna maka waɗanda ka maimaita da waɗanda suka fita. Aibinta shi ne imel ɗinka da kalmominka suna bayan ƙofa ɗaya, in asusun ya tafi sun tafi tare. A kwamfuta kuma, ƙwayoyin cutar da ke zuwa cikin manhajojin sata, kalmomin burauza suke fara kwashewa. In ka yanke komawa Bitwarden, kana iya fitar da na Google ka shigar can, amma fayil ɗin CSV da ke fitowa a fili yake ba kulli. Da ka gama ka goge shi, ka bi shi kwandon shara ka sake gogewa.

Ɗan Kwari ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, na sa wa sim lamba tun ɗazu, PUK ɗin na samu a tsohon katin. Gmail ɗaya kuwa lallai ba lambata ce a ciki ba, na gyara. Saura tambaya uku, Malam. In aka fasa kamfanin manhajar kansa fa? Sannan in wayar ta ɓata, ko ni na faɗi ciwo ko ta Allah ta kasance, yaya iyalina za su yi? Sai kuma bankina ɗaya da ke tilasta mini canja kalma kowane wata uku, shin sauran ma haka zan riƙa yi?

Malamin Kwamfuta ya amsa:

Ta farko ta taɓa faruwa. A 2022 an yi kutse a LastPass, wani kamfanin manhajar ajiyar kalmomin sirri, kuma a Disambar shekarar kamfanin ya amsa cewa an kwashe kwafin rumbunan kalmomin sirrin masu amfani da shi. Kalmomin a kulle suke, amma adireshin shafukan ba a kulle ba, don haka ɓarayin sun san wa ke da asusu a ina, suka san rumbun da ya cancanci wahala. Daga nan abin da ya rage tsakanin mutum da su babbar kalmarsa ce kawai, suna gwaji a injinsu ba mai ce musu sun yi yawa. Mai gajeriyar kalma ya shiga uku, mai kalmomi shida na ludo yana da lokacin canja komai a natse. Bitwarden na juya babbar kalmar sau 600,000 kafin ta zama makulli, don kowane gwaji ya yi wa ɓarawo tsada, amma wannan ba ya ceton sunan 'yarka da shekara.

Sai ka ƙara mataki na biyu a kan rumbun da kan Gmail. Saƙon tes ya fi babu, amma ka ji abin da Mai Gyara ya ce game da layi. Manhajar lambobi ta fi: Aegis, 2FAS ko Google Authenticator. Lamba shida take bayarwa, tana canjawa duk daƙiƙa 30, ba ta buƙatar sabis ko data. Da agogon wayar take lissafi, don haka in lambobin suka fara ƙin shiga, duba agogo, ka mayar da shi kan saita kansa. Inda shafi ya ba ka damar yin “passkey”, kamar Google da WhatsApp, karɓa: makulli ne da ke zaune a wayar, da yatsa ake buɗe shi, kuma ba ya aiki a shafin bogi.

Tambayarka ta biyu ita ce inda aka fi asara, fiye da kutse. Ka duba wannan tarkon: kalmar Gmail na cikin rumbu, rumbu a sabuwar waya yana neman lambar da ya tura Gmail ko manhajar lambobi, ita kuma tana cikin wayar da aka sace. Kowace ƙofa makullinta na bayan ɗayar. Takarda ce kaɗai ke warware shi. Ka rubuta imel ɗin da ka yi rajistar rumbun da shi, babbar kalmar, lambar ceto da Bitwarden ke bayarwa in ka kunna mataki na biyu, kalmar Gmail, da lambobin ajiya na Google, waɗanda ake shiga da su in waya ba ta hannu. Su goma ne, kowace lamba takwas, kowace sau ɗaya ake amfani da ita, suna cikin ɓangaren tabbatarwa mai mataki biyu. Ƙara PUK da lamba shidan nan ta mataki biyu na WhatsApp. Kwafi biyu, kowanne a ambulan da aka manne, a leda saboda damina da gara. Ɗaya inda kake ajiye takardun fili, ɗaya a wani gidan wurin wanda ka amince wa. Iyali su san akwai ta da inda take, ba sai sun san abin da ke ciki ba. Google ma na da tsarin asusun da aka daina taɓawa: ka zaɓi wata 3, 6, 12 ko 18, in ba ka shiga ba a sanar da mutanen da ka zaɓa, har goma. Kuɗin banki dai ba ta manhaja magada za su bi ba, ta banki da takardun gado ne, amma jerin zai nuna musu inda asusun suke.

Ka gwada takardar sau ɗaya. Ɗauki wata waya ta gida, ka shiga rumbun da abin da ke rubuce kaɗai, ka fita. In ka maƙale, gara yau da wayarka na hannu. Kuma ko ka sa buɗewa da yatsa, ka riƙa rubuta babbar kalmar da hannu kullum a makon farko, daga baya sau ɗaya a mako, don yatsa na sa a manta ta.

Canji kowane wata uku tsohon yayi ne. Hukumar NIST ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin fasaha, ta janye wannan shawarar tun 2017, saboda abin da yake haifarwa shi ne mutum ya mayar da 1 ta koma 2 a ƙarshen kalmar. Bankin da ya tilasta, bi shi, manhaja ta haɗa sabuwa. Sauran sai in an sanar da sata, ko ka shigar da kalmar a shafin da kake zargi, ko ka taɓa faɗa wa wani.

Mai Gyaran Waya ya ƙara da cewa:

Ƙari kaɗan a kan lambobin ajiyar nan. In dole ta sa ka shiga imel a kwamfutar shagon buga takardu, kada ka buɗe rumbunka a can ko kusa. Karanto kalmar daga wayarka, ka shiga ta tagar sirri ta burauza, in aka nemi mataki na biyu ka sa lambar ajiya ɗaya, in burauza ta tambaya ko ta adana ka ce a'a, ka fita kafin ka tashi, da ka koma gida ka canja kalmar. Lambar ajiyar da ka yi amfani da ita kuma ka soke ta da biro a takardar, in sun rage uku ka fitar da sababbi, tsofaffin suna mutuwa nan take, sai ka sabunta ambulan biyun.

Ranar da za ka kawo waya gyara, zare sim da katin ajiya, ka fita daga rumbun gaba ɗaya, ba kullewa kawai ba. Canjin gilashi ko wurin caji ba ya buƙatar lambar buɗe wayarka. In mai gyara ya ce sai ya gwada, ka buɗe masa da hannunka kana tsaye.